Malfa da Jan Ƙyalle: Ƙungiyar Matan da Nana Asma'u Ta Kafa

Wanda ya zauna a bakin hanya a garin Rano ko Kibiya bayan sallar la'asar zai ga mata suna wucewa jere-jere cikin hijabi iri ɗaya, wata da goyo, wata da jakar littattafai, sun nufi Islamiyyar matan aure. Idan kuma ya shiga ƙauyukan da Hausawa Kiristoci suke, a nan ƙasar Rano da Kibiya ko a maƙwabta irin su Sumaila da Tudun Wada, zai tarar da 'yan Zumuntar Mata cikin ankon zane da ɗankwali, suna bugun tulu suna rera waƙa a majami'a. Addininsu ya bambanta, amma tsarin aikinsu ya yi kama ƙwarai. Kowace ƙungiya tana da shugaba da ma'aji da ɗan asusun da ake tarawa da kuɗin ƙuli-ƙuli da na daddawa, kuma su ne kan gaba wajen duba marar lafiya, da yi wa mai jego barka, da zaman makoki. Mutane da yawa suna ɗauka wannan abu baƙo ne, wai Turawan mishan suka kawo shi, ko ƙungiyoyin wa'azin zamani, ko hukumomin agaji. Alhali kuwa kusan shekara 190 da suka wuce wata mace a ƙasar Hausa ta riga ta kafa irinsa, ta kuma kafa shi da ƙarkon da ya kai shi ga tsallake mutuwarta da faɗuwar daular mahaifinta.

Sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba ya buƙatar gabatarwa. Makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'in Arewa suna ɗauke da shi, kuma duk wanda ya tashi yin lacca kan ilimin mata sai ya ambace ta. Sai dai kusan kullum a matsayin marubuciya ake ambatonta: mai waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, wadda rubuce-rubucenta kimanin 60 suka iso gare mu. Wannan gaskiya ne, amma a ganina ya rufe babban aikinta. Malaman Sakkwato masu alƙalami a zamaninta suna da yawa, kuma mahaifinta da baffanta Abdullahi na Gwandu da yayanta Muhammadu Bello duk sun fi ta yawan littattafai. Abin da ita ta yi wanda babu ɗayansu da ya yi shi ne kafa ƙungiya ta mata zalla, mai shugabanni da manhaja da hanyar ciyar da kanta, wadda aka sani da 'Yan Taru. Yawancin waƙoƙinta na Hausa ma don amfanin wannan ƙungiya aka tsara su, ta yadda wanda ya karanta waƙar bai san ƙungiyar ba kamar wanda ya ga lauje ne bai taɓa ganin gonar shinkafa ba.

Kafin a fahimci dalilin kafa ta, sai an dubi irin ƙuruciyar da Asma'u ta yi. An haife ta a Ɗegel wajen 1793, tagwaye ita da Hassan. Bisa al'ada Husaina ya kamata a sa mata, amma Shehu ya zaɓa mata sunan 'yar Sayyadina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, kishiyoyin uwar suka rene ta. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, daga nan kuma sai yaƙi: nasarar Tafkin Kwatto, da mummunar asarar Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka faɗi, da Alwasa, da yunwa da cuta a kan hanya, har aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A tsakiyar wannan ɗawainiya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Watau ba a ɗakin karatu mai sanyi ta girma ba. Ta ga yadda mata suke zama zawarawa a yini ɗaya, ta ga yadda ake shigowa da matan garuruwan da aka ci.

Yaƙi yana iya canza sarki a rana guda, amma ba ya canza abin da ke cikin ɗakin uwargida. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello ya shafe shekara ashirin yana kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, yana zaunar da makiyaya, yana fafatawa da Gobirawa da Kabawa, har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836. Waɗannan garuruwa da ƙauyukan kewayensu sun cika da mata iri-iri: Fulanin daji da ba su taɓa riƙe allo ba, matan manoma, zawarawan yaƙi, da dubban ƙwaraƙwarai da bayi waɗanda aka tsige daga ƙasarsu. Su ne masu reno, su ne suke fara koya wa yaro magana. Idan ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama, abin da suka sani shi ne bori, domin shi ne asibitinsu kuma shi ne dandalinsu. Shehu ya riga ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da suke koyar da almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. To amma faɗar hukunci daban, hanyar aiwatar da shi daban. Malami namiji ba zai shiga gidan wani ya koyar da matarsa ba, matar aure mai yara kuma ba za ta bar ƙauye ta tafi Sakkwato karatu ba. Wannan ƙulli ne Asma'u ta kwance a tsakanin shekarun 1830 da 1840.

Dabararta ita ce ta nemi matan da al'ada ba ta hana su tafiya ba. A kowane ƙauye akan sami dattijuwa wadda ta gama haihuwa, mai natsuwa, wadda mata suke jin maganarta. Irin wannan ce Asma'u take naɗawa shugaba, ta kira ta jaji, kalmar da fatake suke kiran jagoran ayari da ita. Jaji takan tattaro tsofaffi irinta da 'yan mata ƙanana waɗanda ba su kai aure ba, su kama hanya a ƙafa zuwa gidan Asma'u, su zauna kwanaki suna ɗaukar karatu, sa'an nan su koma su bi gida-gida suna koya wa matan da ke cikin kulle abin da suka ɗauko. Ba hannu rabbana suke zuwa ba. Matan da suka rage a gida sukan ba da sadakarsu ta hatsi da zuma da man shanu da zare, a kai wa Malama, ita kuma ta raba wa miskinai da nakasassu. A ƙauye kuwa aikin jaji ya wuce karatu: ita ce mai wankan gawar mace, mai sulhunta kishiyoyi, mai sa a share masallaci, mai zama kusa da mai naƙuda. A lura da hikimar da ke cikin zaɓen shekarun nan. Tsohuwa tana da kwarjini amma kwananta ya ƙare saura kaɗan, yarinya kuwa tana da ƙwaƙwalwar hadda kuma gobe ita ce matar aure a wani ƙauyen. Aure da kansa ya zama hanyar yaɗa karatun.

Sai kuma maganar malfa, wadda ita ce ta fi nuna cewa Asma'u ta san siyasa. A masarautar Gobir akwai sarautar Inna, babbar mace ta gidan sarauta wadda take shugabantar 'yan bori, take jin ƙarar mata, kuma daga cikin alamun girmanta akwai malfa irin ta maza. Asma'u ba ta haramta wannan alama ba. Ɗaukarta ta yi ta ɗora a kan jajinta, ta naɗe ta da jan ƙyalle, a wani ƙwarya-ƙwaryan biki na naɗi. Matar ƙauye da ta hango malfa daga nesa ba ta buƙatar a yi mata bayani: ta san mai iko ce ta iso, domin haka ta saba gani tun kakanninta. Abin da ya sauya shi ne saƙon da ke ƙarƙashin malfar. Masu wa'azi da yawa kafin ta da bayanta sun yi ta la'antar bori daga kan mumbari ba tare da sun tambayi kansu me bori yake ba mata ba. Ita ta gane cewa yana ba su taro, da shugabanci, da magani, da wurin fitar da baƙin ciki, don haka ta kafa abin da zai ba su duk waɗannan. Har littafi ta rubuta da Larabci kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, wanda ya tattaro matsalolin da suka fi damun mata kamar haihuwa da ciwon yara.

Akan ji masu ilimin boko suna cewa ai wannan haddar aku ce, a rera waƙa a maimaita, ba a koyi riƙe alƙalami ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin yawancin 'yan taru da ka suka ɗauki karatunsu. Amma a tuna a wace duniya ake: babu injin ɗab'i, takarda daga Arewacin Afirka fatake suke kawo ta da tsada, kowane littafi da hannu ake kwafarsa. Waƙa ita ce littafin da ba ya jiƙewa a rafi, gara ba ta ci, kuma mace tana iya bitarsa tana kan dutsen niƙa. Abin da ke cikin waƙoƙin ma ba wasa ba ne. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti kimanin 30, akwai masu bayanin alwala da salla da hakkin maƙwabci, akwai Waƙar Gewaye mai ba da tarihin jihadin wuri bayan wuri, akwai kuma Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta fara daga matan Annabi da 'ya'yansa, ta bi ta kan su Rabi'atul Adawiyya, ta sauko har kan matan da ita kanta ta sani a jama'ar Shehu. Wannan na ƙarshen darasi ne babba ga matar ƙauye, domin yana gaya mata cewa jerin bayin Allah mata bai yanke a Makka ko Basra ba, ya iso har unguwarsu. Ita ce kuma ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da rabinta gargaɗi ne ga masu mulki da alƙalai azzalumai. Wanda ya sa talakawa mata suka haddace irin wannan ba za a ce makauniyar biyayya kaɗai ya koya musu ba. Ƙanenta Isa shi ma ya taimaka wajen juya wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa, abin da ke nuna cewa da gangan gidan ya zaɓi harshen talakawa.

Wani kuma zai ce, to ina abin mamaki? 'Yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, uwar Waziri Abdulƙadir, wa zai hana ta? Babu shakka asalinta ya buɗe mata ƙofa, kuma ba don shi ba da wuya maza su bar matansu su bi ta. Amma 'ya'yan sarauta mata sun cika gidajen Sakkwato da Gwandu da Kano, masu ilimi a cikinsu ba kaɗan ba ne, kuma mafi yawansu karatunsu bai fita daga cikin gida ba. Tambayar da ta dace ita ce me ta yi da gatan. Amsar tana cikin marsiyoyinta. Ta yi wa Bello da Giɗaɗo da manyan malamai waƙar makoki kamar yadda ake tsammani, amma ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, ta kuma yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta shekara da shekaru tana kai da kawowa da ayarinta. A adabin wancan zamani, sanya sunan talaka mace a ma'aunin da ake yabon sarakuna da shi ba ƙaramin abu ba ne. Shugabar da ta san darajar wakiliyarta ta ƙauye har haka, ita ce wadda ƙungiyarta take daɗewa.

Ƙalubalen da ya fi nauyi shi ne wanda mutumin kudancin Kano ya fi kowa cancantar ɗagowa. Jihadin da Asma'u ta yi wa waƙa yana da waɗanda ya taka. A Burum-Burum, nan kusa da Rano da Kibiya, aka kashe Sarkin Kano Alwali wajen 1807, kuma wannan yanki ya ci gaba da zama matattarar Maguzawa masu biyan jiziya, waɗanda jikokin wasunsu ne 'yan Zumuntar Matan da aka ambata a farko. Daga cikin ɗaliban 'yan taru akwai matan da aka kamo a yaƙi, kuma Asma'u ba ta yi kira a rushe bauta ba. Ta yi murna da nasarorin Bello a waƙa, ta kuma yi wa bori hukunci mai tsanani. Saboda haka mai cewa ƙungiyarta hannun daula ce na shigar da waɗanda aka ci cikin tsarin waɗanda suka ci bai yi ƙarya ba, kuma bai kamata masu ƙaunarta su ɓoye wannan ba. Abin da za a ƙara kawai shi ne, a cikin daular da take da takobi da kurkuku, hanyar da wannan mata ta zaɓa ita ce ta koyarwa da ciyarwa, kuma ta ɗauki baiwa da 'yar ƙauye a matsayin masu hankalin da ya cancanci ilimi iri ɗaya da na 'yar malam. Wannan bai wanke zamanin ba, amma ya bambanta ta da yawancin mutanen zamanin.

Daga nan ne maganar kishin ƙasa take shigowa. Babu Najeriya a lokacin, babu tuta irin ta yau, babu ƙuri'a, don haka kiran 'Yan Taru ƙungiyar kishin ƙasa zai iya zama ɗora wa jiya rigar yau. Amma idan kishin ƙasa yana nufin ɗinke jama'ar da yaƙi ya yayyaga, a ba Bafulatana da Bagobira da baiwa tarihi ɗaya da harshe ɗaya da ladabi ɗaya, to aikin da Asma'u ta yi ke nan, kuma Waƙar Gewaye littafin tarihin ƙasa ce ta 'yan makaranta kafin a san sunan abin. Gaskiya ne ba ta yaƙi kulle ba, kewaye shi ta yi. Yaƙin fito-na-fito sai bayan ƙarni guda, a hannun mace mai wani irin hali daban, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tana matashiya, ta jagoranci reshen matanta, ta sha ɗauri da duka saboda neman a ba matan Arewa 'yancin zaɓe, abin da bai samu ba sai a 1976. Ana yawan gwama su biyun kamar kishiyoyi, ɗaya ta malamai ɗaya ta 'yan tawaye. Amma Gambo ma gida-gida ta riƙa bi tana zance da matan kulle, domin ta tarar da abin da Asma'u ta tarar: babu hanyar isa ga matar Bahaushe sai ta bakin 'yar'uwarta mace.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa tsari ta gina, ba farin jinin kanta ba, ita ce abin da ya biyo bayan rasuwarta a 1864. An binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta, amma ayarin jajoji bai tsaya ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ta yi zaman aure a gidan sarautar Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo kafin ta koma gida bayan rasuwarsa a 1846, ita ta karɓi ragamar, bayanta kuma wasu matan gidan suka ci gaba. Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka rubuta rahotanni tuli kan sarakuna da haraji, ba su ma lura da tsofaffin da ke wucewa da malfa ba. Sai da wata Baturiyar Ingila mazauniyar Sakkwato, Jean Boyd, ta bi diddigi, ta tarar da jajoji da ransu suna aikinsu, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997. Yau har a Amurka, a birane irin su Pittsburgh, akwai Musulmi mata da suke kiran ƙungiyarsu 'Yan Taru. Don a san inda take a tarihin duniya: shahararriyar ƙungiyar agaji ta matan cocin Mormon a 1842 aka kafa ta a Amurka, ta iyaye mata ta cocin Angilikan kuwa sai 1876 Mary Sumner ta fara ta a Ingila. Sa'o'in juna ne da ta Sakkwato, kuma babu wadda ta kwafi wata.

Ba za a ce Islamiyyun Rano da Kibiya ko Zumuntar Matan cocin ECWA daga 'Yan Taru suka tsiro kai tsaye ba. Zumunta daga aikin mishan ta fito, makarantun matan aure sun bunƙasa ne daga ƙarshen shekarun 1970 tare da Izala da ɗariƙu da hukumar yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN kuma a Minna aka kafa ta a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko. Amma idan aka dubi waɗanda suka rayu a cikinsu, ginshiƙan da Asma'u ta kafa su ne dai ake gani: shugaba daga cikin matan garin, alamar da ake gane ta da ita, karatun da ake iya rerawa, da asusun da ya fito daga aljihun membobi. A gwada da shirin inganta rayuwar matan karkara na Maryam Babangida na 1987, da na tallafa wa iyali na Maryam Abacha da ya biyo baya a 1994. Sun zo da kuɗi da motoci da injinan niƙa, sun yi amfani a lokacinsu, amma daga sama aka naɗa shugabanninsu kuma daga baitulmali suke ci, shi ya sa kowannensu ya bi mai gidan da ya kawo shi. A garuruwan karkara irin su Rurum ko Tarai kuwa, ranar da aka yi rasuwar mace, har yanzu ba ofishin ƙaramar hukuma ake aikawa ba. Ana tura yaro ne ya kira wata dattijuwa da kowa ya san gidanta, ita kuma ta ɗauko mayafinta ta biya ta kira sauran.